Kwamfutar Auta

Ranar da na fara ganinsa, da faɗa aka soma. Shi da ƙanwata suka yi ta, ni kuwa ina tsaye a tsakiya riƙe da waya.

Shagonsa ƙarami ne, a saman wani bene da masu gyaran waya suka cika. Ko'ina kwalaye, ga ƙaurin dalma, ga fanka tana ta juyi ba iska. Yana zaune a bayan tebur da sukudireba maƙale a kunne. Na gaishe shi, na ce kwamfutar gem nake so a haɗa wa ƙanwata, ƙarfinmu ba shi da yawa, kuma ni ban san komai a kai ba. Sai na kira Auta na sa ta a sifika.

Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta hau jero masa abin da take so. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda ba a kulle ba, madabod, babban faifan da ake dasa komai a kai, wanda zai yarda a yi obakilokin, wato a ƙara wa firosesa gudu, da katin hoto mai ƙarfi. Akwatin wuta kuwa, ta ce a sa mafi araha.

Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ƙanwata, a nan ne ba za mu shirya ba. Kina so ki matsa wa firosesa ta yi gudun da ya wuce wanda aka saita mata, sannan ki ba ta wutar banza? Wata rana ƙauri kawai za ki ji."

"To a rage a wajen kes..."

"Wannan na yarda. Akwatin da za a jera kayan a ciki, ko na gwangwani ne, in dai iska na shiga. Amma kula mai kyau dole ce."

Na ce ni fa kular da na sani ta zuba abinci ce. Auta ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, tarin ya ƙi tsayawa. Na ga fuskarsa ta canja. Bai tambaye ni komai ba. Ya dai jira ta samu numfashi, sannan ya yi mini bayani a hankali cewa kular da yake nufi ita ce ƙarfe da fanka masu tsotse zafin firosesa.

Da ciwon zuciya aka haifi Auta. Tun da Mama ta rasu ni ce uwarta, ni ce yayarta. Baba tsohon direban babbar mota ne, idanunsa sun yi rauni, ya ajiye aiki. Ni kuma ɗinki nake yi a gida, kekena yana falo inda zan ji motsinta daga ɗaki. Makaranta ta gagare ta, ƙawaye suka janye ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne tsohuwar wayarta, tana kallon yadda wasu ke buga gem, tana haddace sunayen kayan da ba ta taɓa riƙewa ba. Ba ta taɓa roƙona ba. Ni ce na ga yadda take kallon, na kasa jurewa.

Ɗaya-ɗaya muka riƙa sayen kayan. In na gama ɗinkin wani, sai in hau benen nan. Shi yake ba da shawara, Auta tana musu ta waya. Ya ce ram, inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, guda biyu ƙanana sun fi ɗaya babba. Ya ce a fara da ƙaramin ma'aji mai sauri, a ƙara daga baya. Ya hana ta fitilu masu launi, ya ce ba su ƙara gudu. Tun daga nan ta sa masa suna Injiniya Marowaci, daga baya ta yafe masa rabin sunan.

Duk abin da na kawo, a kan gadonta yake kwana. Takan buɗe kwalin ta shinshina, ta rufe.

Katin hoto ne ya fi ba mu wuya, don sabo ya fi ƙarfinmu. Injiniya ya ce mu jira na hannu mai lafiya. Yakan kira ni in an kawo wani, ya ce wannan ya sha wahala, mu bar shi. Tun kiran yana tsayawa a kan katin hoto, har ya koma tambayar ko na ci abinci, ko bayana ya daina ciwo. Wata rana na ji kaina ina ba shi labarin Mama, abin da ban taɓa yi da kowa ba.

Auta ta riga ni ganewa.

"Yaya, wai katin nan ne ba a samu ba, ko kuwa wani ne ba ya so a samu?"

Na jefa mata ƙyalle.

Ranar haɗawa ya zo gida da la'asar, ya durƙusa ya gaida Baba. Muka shimfiɗa kayan a kan teburin yankana. Ya ce ba shi zai haɗa ba, mai kaya ce za ta haɗa abinta. Ta sa firosesa a gurbinta, ta ɗiga man da ake shafawa, ɗan ƙaramin ɗigo, ya riƙe mata kular ta ɗaure. Baba yana daga kujerarsa yana tambaya ko injin nan yana da ladiyeto. Injiniya ya ce yana da shi, Baba, ga shi nan. Baba ya gyaɗa kai, ya ce to abin zai yi tafiya.

Ta danna maɓallin kunnawa. Fankoki suka tashi, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Auta ta juyo ta kalle shi a tsorace. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce ta kashe ta ƙara danna ram ɗin har ta ji ƙas. Ta danna, ta ji ƙas. Da ta sake kunnawa, rubutu ya bayyana.

"Yaya, ta tashi! Wallahi ta tashi!"

Na shige kicin na yi kukana.

Obakilokin ɗin ya ɗauke su kwanaki. Yakan biyo bayan ya rufe shago, su ƙara wa firosesa gudu kaɗan, su sa ta aiki mai nauyi, su zuba wa ma'aunin zafi ido. In ta tsaya lafiya su ƙara. Auta ba ta ƙoshi, kullum a ƙara take cewa, har ranar da allon ya daskare. Ya dawo da ita baya kaɗan, ya ce nan ne iyakarta, kuma iyakar ba ta da laifi. Auta ta tura baki, amma ta yarda.

A ranar ne ya tsayar da ni a bakin ƙofa da zai tafi. Ya ce ya samu aiki a wani kamfani, nesa ƙwarai, kuma mahaifiyarsa da ƙannensa da shi suka dogara, ba zai iya ƙi ba. Ya ce yana so ya turo manya wajen Baba kafin ya tafi, mu tafi tare.

Zuciyata ta amsa tun kafin ya rufe baki. Amma ta taga ina hango bayan Auta, ƙafafunta da suka fara kumburi a kan matashi.

"Wa zan bar wa ita?"

"Mu tafi da ita, masoyiyata. Da ita da Baba."

"Likita ya hana ta doguwar tafiya. Ka sani."

"To zan jira..."

"Me za ka jira?" na ce. "Faɗi mana. Me za mu zauna muna jira?"

Amsar ɗaya ce, kuma ba wanda zai iya furta ta a cikinmu. Na ce ba zan zama matar da ke ƙirga numfashin ƙanwarta ba. Na ce ya tafi, Allah ya haɗa shi da wadda ta fi ni. Ya goge idonsa da bayan hannu, ya ce wannan addu'ar ba zai ce mata amin ba.

Ban gaya wa Auta ba, amma da ya zo sallama ta gane komai. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ko kwamfutar ba ta kunna ba. Da na kai mata magani ta kau da kai.

"Ni kika mayar dalili," ta ce. "Ciwon bai ishe ni ba, sai kin ɗora mini wannan?"

Na ce ba ita ba ce, zaɓina ne. Ta ce ƙarya nake yi. Na zauna a bakin gadon muka yi ta kuka, ita tana dukan kafaɗata da hannun da ba shi da ƙarfi, har ta gaji ta kwantar da kanta a cinyata.

Bayan tafiyarsa na daina ɗaukar kiransa. Ita kuwa ta koma kan kwamfutarta. Watannin nan su ne mafi daɗin rayuwarta, ban da shakka. Ina taka keke ina jin ta da abin kunne a kai, tana ba da umarni, tana dariya, tana masifa. A cikin allon nan tana gudu, tana hawa duwatsu, tana tsalle, yarinyar da ba ta iya kai kanta ƙofar gida sai ta huta.

Da safe ta rasu, a asibiti, hannunta a cikin nawa. Ba ta sha wahala sosai ba. Abin da ta ce na ƙarshe shi ne in ɗan ɗaga mata matashi.

Gidan ya yi shiru irin wanda ban san shi ba. Na rufe ɗakinta, na kasa taɓa keke. Baba ne ya lalubi lambar Injiniya a wayata ba tare da sanina ba, ya sa maƙwabcinmu ya kira masa shi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi, ya rame, da ƙurar hanya a takalminsa. Ya daɗe a wajen Baba. Da ya fito bai yi mini maganar aure ba. Ya ce in buɗe ɗakin, akwai waɗanda ba a gaya wa ba.

Ban gane ba sai da ya kunna kwamfutar ya shiga gem ɗin. Ga jarumar da Auta ke wasa da ita tsaye a bakin wani kogi, da takobi a bayanta. Ya sa mini abin kunnen. Nan take muryar wata yarinya ta cika kunnena, tana Hausa a gurguje, daga inda ban sani ba.

"Kyaftin! Ina kika shige? Tun yaushe muke jiranki, mun ƙi shiga ba ke."

Sai wasu muryoyin suka biyo baya, suna tsokana, suna murna. Ashe tana da mutane. Ashe ita ce shugabarsu.

Na kalle shi. Ya nuna mini maɓallin da zan danna in yi magana. Na tsaya ina kallon maɓallin, sai ya durƙusa a gefen kujerar ya ce in bi a hankali, ba inda za shi.

Na danna.

"Ba ita ba ce... yayarta ce."

Na gaya musu. Na ce ta daɗe ba ta da lafiya. Yarinyar ta ce ba ta taɓa faɗa musu ba, ko sau ɗaya. Daga nan sai na ji shessheƙar wani can nesa.

Can sai na ga wani jarumi ya fito daga cikin bishiyoyi, ya zo ya zauna a gefen jarumar Auta. Wani ya biyo shi. Wata ma ta zo. Suka zagaye ta a bakin kogin, suka ajiye makamansu, suka zauna.

Na tambaye shi yadda ake sa ta zauna ita ma. Ya nuna mini.