Taken Mahauta A Gonar Ɗangiwa

Safara'u tana tankaɗen gero a tsakar gida sai ga mijinta Armaya'u ya shigo, yana buga cinyarsa da tafin hannu.

"Ke, saurara! Wanga daga garmahon Bayarabe mai kanti na ɗauko shi, can Tambuwal. Haylaif suka ce mishi!"

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya. "Jiya sarewar Fulani, shekaranjiya gogen Zabarmawa. Kunnenka ba ya ƙoshi?"

"Har lugudenku na mata nika so!"

Armaya'u ɗan Sarkin Kiɗan Jabo ne, gidansu gangar noma suka gada, kowane manomi da nasa take. Shi kuwa a shekarar nan ta samun 'yancin kai ba kiɗan da bai kwaso ba, har badujalar 'yan sanda da ya ji a rediyo. Amma kalangun mahauta ya fi shiga ransa, domin uban Safara'u mahauci ne.

Ranar gayyar Ɗangiwa, babban manomin garin, aiki ya yi daɗi, hannun Armaya'u ya zarce. Ɗangiwa na kama garma sai Armaya'u ya buga masa taken mahauta! Matasa suka fashe da dariya, wani ya ce, "A kawo wuƙa!" Ɗangiwa ya jefar da garma ya tafi gida.

Da la'asar Sarkin Kiɗa ya karɓe gangar daga hannun ɗansa ya rataye a ɗakinsa. Inna Hinde, uwar Armaya'u, kuwa ta fito tana huci.

"Tun da anka kawo ɗiyar mahauta gidanga hannun yaron ya lalace! Ta koma gidan ubanta!"

"Inna, ni na buga, ba ita ba!" in ji Armaya'u.

Safara'u ta juya. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta ƙulle kayanta, ta fito ta dama wa Inna fura kamar kullum. Da mijinta ya ce shi ma zai bi ta, ta girgiza kai.

"In ka bi ni, maganar Inna ta tabbata. Tafi ka ba dattijo Ɗangiwa haƙuri. Kuma na lura, taken da kuka yi mishi na kakansa ne. Shi ba ya da nasa."

Armaya'u ya tashi ya fita.

Ya ari ganga wajen abokinsa, ya yi kwanaki a bayan gari. Ya ɗauko lanƙwasar goge, ya sa sanyin sarewa, ya ɗora su kan tafiyar gangar noma. Sannan ya je ƙofar Ɗangiwa, ya durƙusa ya nemi gafara, ya buga.

Ɗangiwa ya ɗago kai. "Wanga na wa ne?"

"Naka ne, Baba. Ba a taɓa buga ma kowa shi ba."

"Ƙara!"

Kafin azahar Ɗangiwa ya rako shi gida da kansa. Sarkin Kiɗa ya sauko da gangar ya miƙa wa ɗansa. "Saurari na kowa, amma ka san gaban wanda kake."

Inna Hinde ta leƙa ɗakin Safara'u, ta ga ƙullin kaya. "Ke, mi kika yi da wanga? Kwance shi, ki zo ki kama mini daka."

Haƙuri da iyayen miji ba faɗuwa ba ne, 'yan'uwa. Da Safara'u ta rama wa Inna magana, da wani ke cin tuwonta yanzu.