Doguwa a Jikin Bango

Ranar da ya fara shigowa ɗakin ajiyar kayan tarihi, da jar ƙasa har gwiwa, ta ɗago daga kwamfuta za ta yi masa faɗan takalmi, sai faɗan ya maƙale. Shi ne mai ɗaukar hoto a wurin tonon kayan tarihi, ita ke ɗora hotunan a intanet. Ba a jima ba ya koma kiranta Zumata, ita tana ce masa Ɗan Rami.

Babanta ya ce ba zai ba mai yini a rami 'yarsa ba sai ya ga amfanin aikin da idonsa. Magana ta tsaya sai ranar buɗe shafin intanet ɗin da za a nuna hotunan.

Sai ga Doguwa, wata ɗaliba da ke tono tare da su. Duk hoton da ya kawo, ga ta tsaye ƙiƙam a jikin tsohon bango, har da murmushi, don neman magana. Kishi ya ci Zuma ya cinye. Ba ta tambaye shi ba, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ta yanke yarinyar, ko bakin gyalenta ba ta bari ba.

Ana gab da buɗewa shugabarsu ta kira shi ta wanke shi tas. Bango ba ma'auni, wa zai san ko iya gwiwa ne ko ya wuce rufin ɗaki? In haka yake aiki, ya ajiye kamarar. Ya san mai aika-aikar sarai, amma bai tona ta ba. Saƙo kawai ya tura mata:

"Zumata, sandar awonmu ce ta karye, shi ya sa nake tsayar da ita, tunda mun san tsawonta. Wallahi yadda nake kallon sandar haka nake kallonta."

Kunya kamar ta nutse. Ta je ta faɗa wa shugaba gaskiya, ta zauna mayar da Doguwa, tana tsaki tana mayarwa.

Babanta ya daɗe yana duba shafin a wayarsa, sannan ya ce a turo magabata, Allah Ya yi musu albarka.

Ranar da ta tare, ta miƙa wa ango wani dogon ƙunshi. Ya warware, sai ga sandunan awo sababbi fil.

"Zumata, har biyu?"

"Ko da ɗaya za ta karye," in ji ta.