Ranar da Auta Ta Rage Haske

"Wani kuma? Haba Yallaɓai! Falo ne wannan ko ɗakin tiyata?"

Auta ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, tana kallon mijinta tsaye a kan kujera yana ɗaura dogon ƙwan lantarki na biyu a bango. Fari ne fat, irin mai tona asirin duk ƙurar da ke cikin ɗaki.

"Ɗayan ya yi rauni," in ji Tela, ko juyowa bai yi ba.

"Rauni? Wanda yake sa ni ciwon kai kullum?"

"Auta, na gaji. Bar maganar."

Na gaji... Wata huɗu ke nan ba ta da abincin kunne sai wannan. Mutumin da a da in ya tashi daga shago sai ya biya ya ɗauke ta su zaga gari da yamma, yanzu rana ba ta faɗuwa sai yana gida, ya zauna ƙarƙashin farin ƙwan nan ya yi jugum. In ta zauna a gefensa ta miƙo masa shayi, sai hannunta ya gaji bai karɓa ba. Ta yi sabon kitso, bai tanka ba. Shekara uku da aure, ga shi tun ba a je ko'ina ba tana ji a jikinta ta fara fita daga ransa. Abin yana cin ta, ba ta da wanda ta fi so a duniya.

Washegari ta kira yayarta tana hawaye.

"Ke ma dai da abin haushi kike," in ji Yaya. "Kullum kina gyara wa baƙi ɗaki a otal, naki ɗakin fa? Namiji inda ransa ya yi sanyi nan yake sakewa. Ki gyara gidanki, ki ga in bai dawo hanya ba."

Maganar ta shige ta. Shekara biyar tana gyaran ɗakuna a otal, ta san sirrin wurin ba a katifa yake ba, a haske yake. Ba a kunna na sama. Ana ajiye ƙananan fitilu ƙasa-ƙasa, ɗaya a lungu, ɗaya a gefen gado, wata a ɓoye bayan labule, duk masu kalar zuma. Sau nawa ta ga mata da miji sun fito daga lif suna cacar baki, suna shiga ɗaki murya ta yi laushi?

Aka yi dace otal ɗin na sauya kaya, aka raba wa ma'aikata tsofaffin fitilu. Auta ta samu huɗu, har da wata ta gilashi mai hular yadi wadda ta daɗe tana sha'awa.

Ranar hutunta ta zage. Ta hau kujera ta kwance dogayen ƙwayayen nan biyu, ta cusa su bayan kabad tana cewa, "Ku huta, mu ma mu huta." Ta sauya labule da mai kauri. Ta janyo ƙaramin tebur zuwa tsakiyar falo ta ɗora ta gilashin a kai, sauran ta rarraba su lungu-lungu. Da ta kunna, ita kanta sai da ta yi ajiyar zuciya. Bango ya yi taushi, tsohuwar kujerarsu ta koma kamar sabuwa. Ta yi wanka, ta sa rigar da ya ɗinka mata da hannunsa, ta tsaya a gefen labule tana jira, gabanta na faɗuwa kamar ranar da ya fara zuwa wurinta.

Ranar ya ɗan makara, sai bayan faɗuwar rana ta ji motsin makulli.

Ya turo ƙofa da sallama, ya tsaya cak.

"An ɗauke wuta ne?"

Ta danne dariya. "Shigo mana, masoyina."

Ya juya kai wajen muryar, amma idonsa ya wuce ta ya sauka a kan bango. Ya lalubi makunni ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ya sake.

"Ina ƙwayayen?"

"Na cire. Kai dai shigo ka gani..."

Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu. A na uku gwiwarsa ta daki teburin. Fitilar ta tuntsura, tas! Gilashi ya watsu, shi kuma ya tafi ƙasa ya dafa da tafin hannu.

"Wa ya ce ki taɓa min su?" Ya daka tsawar da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. "Wa ya sa ki? Wa ya aike ki?"

Nan Auta ta fashe.

"Ba wanda ya aike ni! Ni ce marar zuciya, na yini ina wahala don ka dube ni sau ɗaya! Wata huɗu ina bin ka kamar jela. In ka daina sona ka faɗa min, wallahi zan iya ɗauka. Amma ina tsaye a gabanka cikin rigar da ka ɗinka min, ka kalli bango ka ƙyale ni?"

Yana nan durƙushe cikin fasassun gilashi, jini na bin yatsunsa. Can ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta... kina ina?"

"Ban gane ba."

"Ba na ganinki. Ɗigon haske nake gani, nan da can. Ke ba na ganinki."

Ba ta san lokacin da ta iso gabansa ba, ta cire ɗankwalinta tana ɗaure masa hannu.

"Ciwon idon Baba ne," ya ce. "Na je asibiti tun watannin baya. Likita ya ce gado ne, jijiyar ido ce ke mutuwa a hankali. Ganin gefe ya riga ya tafi. In haske ya ragu, komai ya tafi. Ƙwan da na ƙara... fuskarki ce ta fara ɓace min."

Rashin sani ya fi dare duhu. Shayin da bai karɓa ba, kitson da bai yaba ba, yawon yamman da ya daina, duk suka dawo mata lokaci ɗaya. Kunya da tausayi suka rufe ta.

"Me ya sa ka ɓoye min? Ni ce fa!"

"Shekara ashirin Inna tana jan hannun Baba. Ina kallo ta tsufa a kan haka. Na rantse ba zan mai da 'yar mutane sanda ba."

"'Yar mutane? Ni ce 'yar mutane?" Ta girgiza kafaɗarsa. "Ka tambayi Inna ko ta taɓa cewa ta gaji! Wa ya ba ka izinin yanke min hukunci?"

Ta miƙe da sauri. "Bari na maido su. Yanzun nan. Gobe na ƙaro goma!"

Ya laluba ya kamo gefen rigarta.

"Bar su."

"Amma ba ka gani..."

"Ko ɗari kika sa, likita ya ce nan za a zo. Gara na koyi ɗakin nan a haka, tun ina da sauran rana." Ya miƙa mata hannun da bai ji ciwo ba. "Nuna min abin da kika yi. Na san ya yi kyau."

Ta tashe shi, ta zagaya da shi gefen gilashin. Ta ɗora tafinsa a kan labule.

"Wannan sabo ne. Akwai fitila a bayansa, hasken na fitowa ta ƙasa."

"Wace kala?"

"Kamar zuma."

"Sai kuma me?"

"Taku biyu... kujera. Akwai wata a gefenta, hasken na hawa bango..." Muryarta ta sarƙe, ta cije leɓe.

"Kuka kike yi."

"Ba kuka nake ba."

"Autata, ido ne zai tafi, kunne yana nan."

Ta kifa kanta a ƙirjinsa ta saki kukan gaba ɗaya. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana shafa kitson, layi bayan layi, har ya kai ƙeya.

"Yaushe kika yi wannan?"

"Sati biyu ke nan."

"Ya yi kyau," ya ce. "Ki yafe min, ban gani ba."