Inabin Ɗakin Kaka Odile

Ina buɗe ƙofar ɗakin inabi wari ya dake ni, sai da na ja baya.

Kwalabe jere a kan katako tun daga ƙasa har rufi, kowacce da ruwanta da gawayinta da reshen inabi a tsome, yadda gidanmu ke ajiye shi tun lokacin girbi har bikin Waliyyi Blaise a watan Fabrairu. Duk sun yi funfuna. Na ɗaga kai wajen kafofin bangon arewa, inda iskar sanyi ke shigowa, na ga an liƙe su da siminti.

Na fito tsakar gida, na tarar da Erwan tsaye da furanni yana murmushi, wai ya zo yi wa Kaka Odile barka da dawowa daga asibiti. Har da tambayata ko na ga aikin da ya yi mana.

"Kai ne ka toshe bangon?"

"Ni ne, masoyiyata. Sabine ta ce ta nan sanyi ke hawa ɗakin Kaka, shi ya kama mata ƙirji..."

"Sabine."

"Lisette, me ya faru?"

Erwan injiniya ne a Gilasai. Haka muke kiran unguwar gine-ginen gilashi ta kamfanonin fasahar da aka dasa mana a bayan tudu, inda dā awaki ke kiwo. Tun da suka zo, gidan burodin garinmu ya koma ofishin dillalan gidaje, 'ya'yan gari kuma suka gagara kama haya a garin ubansu. Na tsani Gilasai kamar me, sai kuma zuciyata ta je ta kwaso mini ɗaya daga ciki, don ba ta da kunya.

Bai taɓa shiga ɗakin inabi ba, domin dokar Kaka ce baƙo ba ya taka shi. Amma Sabine, 'yar Kawu Gaspard, a ɗakin ta yi rarrafe. Ta san amfanin kafofin nan sarai. Ta kuma san maganar da Kaka ta yanke a gaban dangi, cewa ba za a sayar da gidan ba muddin yana kai inabi teburin biki. Shekarar da ya kasa, Kawu ya yi yadda ya so. Ita ce dillaliyar da ke riƙe da mai saye, kuma ta daɗe tana yi wa Erwan kallon da ban so.

Da na gaya masa abin da ya yi, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce zai shiga birni ya sayo inabi mafi kyau, ko nawa ne.

Nan ne na ƙarasa hawa.

"Saye! Ku komai saye! Kun saye tudu, kun saye titi, yanzu ka kashe mana gida kana neman kanti."

"Saurare ni, akwai..."

"Har reshen inabin da na saci jiki na ba ka a kwalba tun farkon sanyi, na san a daren ka cinye shi. Fita, Erwan. Kada ka sake kirana taka."

Na rufe ƙofa a fuskarsa. Na yi kuka, amma na haushi ne.

Da yamma Kawu Gaspard ya zo yana jajantawa da baki, ido kuwa na auna faɗin falo. Ya ce ai ya faɗa tun farko, wanda ya jawo ɗan Gilasai gida ya jawo gara. Sabine na bayansa tana share hawayen da babu. Na tambaye ta ko ta manta amfanin kafofin ne, ta ce ita tausayin Kaka kawai ta ji. Da ba don Kaka na kwance a sama ba, da na fasa mata kwalba a ka.

Erwan ya yi ta kira ina kashewa. Ya aiko saƙo, na goge ban karanta ba.

Ranar biki na tura ta a keken marasa lafiya zuwa dandalin coci. Gidajen da suka rage suna kawo inabi ba su cika hannu ba, kowanne da gurbinsa a tebur. Namu gurbin fayau. Kawu ya zo da mai sayen ma, wani dogo mai murmushin talla, Sabine na nuna masa rufin gidanmu da yatsa.

Sai ga Erwan yana ratsa jama'a a hankali, rungume da wani abu cikin rigar sanyi. Ya rame, hancinsa ja, yana tari. Ya zo gaban Kaka ya durƙusa, ya buɗe rigar.

Kwalbata ce, da jan zaren da na ɗaura mata. Ruwan garau, gawayin sabo, inabin kuwa ya yi ruwan zuma, ko ƙwaya ɗaya bai zube ba.

"Kin ce sanyi yake so da duhu," ya ce da ni, murya a dishe. "Tun ranar da kika ba ni ban kunna na'urar ɗumama ɗakina ba."

Na kalli yatsunsa duk sun tsage. Duk lokacin sanyin nan mutumin na kwana cikin ƙanƙara saboda reshe guda, ni kuma na hana shi ƙarasa magana.

Kawu ya fara cewa reshe ɗaya ai ba inabi ba ne. Kaka ta ciri ƙwaya ta tauna, ta ce na kurangar inabinta ne, ta san abinta. Ta miƙa mini kwalbar ta ce in ajiye a gurbinmu. Mai sayen ya duba agogo ya sulale, Sabine ta bi shi tana kiran sunansa.

Na dawo na tsaya a kan Erwan.

"Har yanzu ina jin haushinka."

"Na sani."

"Gobe ka zo da guduma ka fasa simintinka."

"Daga waje zan fasa, ba sai na..."

"Daga ciki," in ji Kaka, tana laluben aljihunta. "Ya shiga ya ga ɓarnar da ya yi, ya wanke kwalaben duka."

Na ce, "Kaka, baƙo fa ba ya shiga."

Ta harare ni, ta danƙa masa makullin a tafin hannunsa da ya tsage.

"Ni na kafa dokar, yarinya. Ban manta ba."