Gejin da Ya Ƙi Gyaruwa

Ranar da ya fara shigowa ɗakin awo, Auta tana tsaye gaban na'urar gwaji, sanye da farar safar hannu, tana jera faya-fayan ƙarfe a kan fistan, sandar da mai ke turawa sama. Aikinta ke nan a shagon mahaifinta: ta matsa mai har fistan ya ɗaga nauyin da aka sani, ta juya shi a hankali, sannan ta duba ko allurar geji, wato ma'aunin matsi, ta faɗi gaskiya. Shi kuwa mai kula da tukunyar tururi ne a wata masana'anta, ma'aunin matsi ya kawo a daidaita masa. Ya yi sallama, ta ɗago ta amsa, bawan Allah ya nemi abin da ya kawo shi ya rasa.

Mako na zagayowa sai ga shi da gejin, wai ya sake kaucewa. Kallo ɗaya Auta ta yi ta gane da hannu aka zare allurar aka mayar da ita a karkace. Ta gyara ba tare da ta tona shi ba, don ita ma Talata, ranar zuwansa, ta fara yi mata daɗi.

Bayan zuwa na biyar ya turo saƙo: "Alƙaliyata, kullum kina yanke wa gejina hukunci. Ni yaushe za a saurari ƙarata?"

Ta amsa: "Mai-tururi, kotu ta ɗage zama sai ka turo manyanka."

Manya suka zo, Baba ya ce a ba shi kwana biyu. Ya buɗe littafin rajista, ya ga lambar geji ɗaya sau bakwai cikin wata biyu, nan take ya ɗaure fuska. Ya ce mutumin da ma'auninsa ke ƙarya duk mako, ko dai sakarai ne mai yar da kayan aiki, ko kuma yana hura tukunya a makance da rayukan mutane kewaye da shi, kuma ko wanne ne ba zai ba shi 'yarsa ba. Mama ta yi roƙon duniya, ya kafe. Har ya fara yabon wani injiniya da kayansa ba sa dawowa.

Auta ta shiga damuwa. Tana son mutumin nan, amma maganar Baba ta tsaya mata a rai. Ta rubuta masa: "Tsakaninka da Allah, gejin nan a jikin tukunya yake?"

Ta kwana tana duba waya, har ta yi kuka. Washegari da safe sai ga shi a shago, ya durƙusa gaban Baba yana sosa ƙeya.

"Baba, tsohon geji ne na sito, ya shekara uku ba a ɗaura shi ba. Karon farko ne kawai na kawo shi a daidaita don ajiya, daga nan ni nake karkata allurar. Ban san wata hanyar shigowa nan ba."

Baba ya sa aka kwance geji ukun da ke jikin tukunyar aka kawo, ya ce Auta ta gwada a gabansa. Ta ɗora faifan farko. Fistan ya tashi yana juyawa, allura ta zauna daram kan layi. Haka geji na biyu, haka na uku, hawa da sauka.

Baba ya cire tabarau, ya ce aikin yaron tsaf yake, wayon ne dai ba shi da shi. Ya ce a gaya wa manyan su dawo.

Ranar ɗaurin aure, da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari." Ya share ido da gefen riga. "Ke kuma, hutun mako biyu na ba ki. Ba wanda zai taɓa mini faya-fayan nan sai kin dawo."