Dawar Golmo

Gladys na tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo ta ji ƙarar buɗe kwaɗon sito. Rariyar ta tsaya mata a hannu. Tun bayan kaka mahaifinta, Baba Dominic, bai nemi makullin nan ba, don gwiwarsa ba ta son hawa dakalin ƙofar. Ita ce mai shiga ta ɗebo. Sai yau ya tashi da maganar kai dawa kasuwa saboda hidimar bikinta.

Bai jima ba ya fito yana dogara sanda, fuskar nan kamar bai taɓa dariya ba.

"Monica, buhu nawa yaron ga ya ce ya zuba a nan?"

Mama Monica ta leƙo daga madafa. "Ashirin ya ce, ban da wanda muke ci. Ko ba haka ba, Gladys?"

"Haka ne, Mama," in ji Gladys, muryarta can ƙasa.

"To sha biyar na iske. A kira min shi."

Yaron da ake magana shi ne Ishaya, wanda zai aure ta. A ƙasar Zuru saurayi ba ya samun mata da daɗin baki kawai. Akwai golmo, noman da yake yi wa uban yarinya damina bayan damina har ya cika wa'adi. Gidaje da yawa sun bar abin yanzu, wasu sun mayar da shi kuɗi, amma ban da gidan Baba Dominic. Tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Laberiya, kuma a wurinsa namijin da bai sunkuya da fartanya a gonar suruki ba bai isa ya riƙe gida ba. Ishaya ya fara golmonsa, ya tafi soja, ya dawo ya ƙarasa. Da aka yi kaka Baba yana Birnin Kebbi wajen tantance 'yan fansho, don haka daga bakin Ishaya aka ji abin da ya shiga sito.

Ishaya bai yi ƙarya ba, kuma Gladys ta fi kowa sani. Ita ta fitar da buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, duk ranar da iyayenta suka tafi taron coci, ta sa aka kai wa wata mai awo a kasuwa.

Ba kwaɗayi ya kai ta ba. Ishayan da ya dawo daga dajin arewa maso gabas ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya ajiye aikin da kansa, ya dawo da jiki lafiya lau, sai dai ba barci. Wata rana tana kai masa abinci gona tayar wata mota ta fashe a kan titi, ta same shi kwance cikin dawa jikinsa na ɓari, ya toshe kunnuwa. Da ya dawo hayyacinsa abu ɗaya ya roƙe ta: kada kowa ya ji. A garin da kusan kowane gida akwai hoton soja a bango, wa zai fito ya ce tsoro ke hana shi runtsawa?

Ita ta nemo masa likitan ƙwaƙwalwa ta wata manhaja a waya, Dakta Zakiyyu, yana zaune a Kaduna. Ta bidiyo ake ganinsa, ba layin asibiti balle wani ɗan unguwa ya gan ka. Matsalar ɗaya ce, kowane zama sai an biya kafin a fara. Gladys malamar firamare ce, tana da katin inshorar lafiya na ma'aikata, sai ta tafi ofishinsu da murnarta. Ma'aikaciyar da ta samu ta juya katin ta miƙo mata.

"Malama, wannan na miji ne da 'ya'ya, ba na saurayi ba. Ko an ɗaura ma, magani da ganin likita a asibitin da kika zaɓa muke biya. Hira ta waya ba ta cikin tsarinki."

Gladys ta san halin Ishaya. In ya ji daga aljihunta kuɗin ke fita, ko sau ɗaya ba zai zauna gaban wayar ba. Da ya tambaye ta yadda aka yi, sai ta yi murmushi ta ce, "Inshora ta ɗauka." Ta biya na farko da albashinta. Albashi ya makara, zama ya zo, ta kalli ƙofar sito ta ce wa kanta ai guminsa ne, dawar da ya noma da hannunsa. Ta yi niyyar mayarwa kafin a lura, irin niyyar da ake yi ana sane ba za a iya cikawa ba. Shi kuwa Ishaya ya fara barci, ya fara dariya, har ya koma zama benci na gaba a coci kusa da masu ganga.

Da yammar ranar da aka buɗe siton, Ishaya ya zo ya durƙusa gaban Baba Dominic.

"Ishaya, ni soja ne, kai ma ka sa kaki. Buhu nawa ka zuba?"

"Ashirin, Baba."

"Biyar ɗin ƙafa sunka yi? Ba dawar ta dame ni ba. Ina iya yafe maka gona guda. Amma wanda ya ƙara min lissafi don in ce shi jarumi ne, mi zai faɗa wa ɗiyata gobe?"

Ishaya ya ɗago ya kalli Gladys, don ya san ita ke riƙe da makulli. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. Magana ɗaya ce tsakaninta da wanke shi, amma ta haɗiye ta. In ta ce ita ce, za a ce me ta yi da kuɗin, daga nan kuma asirinsa ya tonu.

"Baba, zan cika," in ji Ishaya a hankali.

"Ba cikawa na ce ba. A dakata da maganar biki."

Kwanakin da suka biyo baya tuwo ma ɗaci yake mata. A aji ta koya wa yara darasi a kan gaskiya, tana cikin rubutu a allo hawaye suka zubo, ta ce musu alli ne ya shiga idonta. A rijiya ta ji wata maƙwabciya na cewa, "Ashe yaron nan haka yake? Shiru-shiru da shi." Ta ɗauki bokitinta ta wuce, tana jin kanta ƙasƙantacciya. Ta ɓata sunan mutumin da take so ta gyara, ta kuma saci abin ubanta, duk da sunan ƙauna.

Ranar zamansa da likita, Gladys ta bi Ishaya kan dutsen bayan gari, inda netwok ya fi ƙarfi. Ta same shi zaune da wayar a hannu.

"Ishaya, ni ce na sayar da dawar."

"Na sani tun ranar. Abin da ban sani ba shi ne dalili."

"Babu wata inshora. Ba su ɗauka ba, ko sau ɗaya. Ni nake turawa."

Ya ajiye wayar a kan cinyarsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ba faɗa a ciki, kuma hakan ya fi yi mata ciwo.

"Ashe da dawar babanki nake barci."

"Ka yi haƙuri. Na ga kana samun sauƙi, na kasa cewa a tsaya..."

"Da kin faɗa min, da na hau acaba na nema. Kin mayar da ni yaron da ake ɓoye wa magani cikin koko, Gladys." Ya kashe wayar. "Na daina. Ki bar Baba a yadda yake. Gara a ce min maƙaryaci da a ce min mahaukaci."

"Ba kai ba ne maƙaryacin, ni ce. Kuma ba za ka daina ba. Asirinka naka ne, ba zan taɓa shi ba. Amma nawa zan faɗa."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta durƙusa gaban iyayenta a gindin mangwaro.

"Baba, Ishaya ashirin ya zuba. Ni na ɗebi biyar na sayar."

Mama Monica ta dafe ƙirji. Baba Dominic ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Kinka yi mi da kuɗin?"

"Ba zan iya faɗa ba, Baba. Ba maganata ba ce ni kaɗai."

"Kina zaune na kira ɗan mutane maƙaryaci, kinka yi shiru? Yanzu kuma ba za ki iya faɗa ba? Wani kike ba? Ko wani abin kunya anka rufe?"

Ta yi ta kuka, bakinta a rufe. Baba ya ɗaga sanda ya nuna mata ƙofa, sai ga sallamar Ishaya. Ya biyo ta ne tun daga coci, ya tsaya a waje yana ji. Ya shigo ya durƙusa kusa da ita.

"Baba, a kaina ta kashe. Tun da na dawo ba na barci. In na rufe ido abokaina nake gani, waɗanda ba su dawo ba. Likitan ƙwaƙwalwa nake gani ta waya, ita ke biya ban sani ba."

"Likitan ƙwaƙwalwa?" Baba ya miƙe duk da gwiwar. "Mu da munka ga Laberiya, wa ya kai mu wurin likita? Namijin Zuru ya zauna yana yi wa waya kuka? Ɗiyata zan ba mai taɓin hankali?"

"Dominic, zauna."

Mama Monica ce. Gladys ba ta taɓa jin ta kira sunansa kai tsaye gaban mutane ba.

"Ba wanda ya kai ka wurin likita, gaskiya ne. Ni anka kawo ma. Shekara nawa ina tashi ina riƙe ka kana ihu da sunan mutanen da ban sani ba? Mi ya sa duk Kirsimeti, in yara sun fara wasan wuta, kake tafiya gona ka ce za ka duba shinge? Mi ya sa ɗakinmu ba a rufe ƙofa? Na rufa maka asiri don ina sonka, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma yau ina tunanin da na samu abin da yarinyar ga ta samu, da ni ma na sayar da dawa."

Baba Dominic ya kalli matarsa, ya kalli ƙasa, ya juya ya shiga ɗaki.

Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba. Gladys ta ci gaba da kai masa abinci tana durƙusawa, yana kawar da kai, ba ta fasa ba. A rana ta uku ya sa aka kira su duka.

"Ishaya, na kira ka da sunan da ba naka ba. Ka yafe min. Golmonka ya cika." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma, niyyarki mai kyau ba ta mayar da sata kyauta ba. Da kin zo kin ce Baba ga halin da ake ciki, ko zan yi faɗa, da ba a ɓata sunan kowa ba. Buhu biyar kike bina... a'a, ni nake bin ki. Damina mai zuwa ke za ki noma min su da hannunki."

"Mace da golmo?" in ji Mama Monica tana danne dariya.

"A gidana za a fara."

An ɗaura auren bayan Ista. Ishaya ya faɗa wa Dakta Zakiyyu gaskiyar aljihunsa, abin da ya kamata a yi tun farko, likitan ya rage yawan zaman ya kuma sa shi cikin zaman rukuni mai rahusa, wanda ake ganin mutane da yawa tare, yana biya daga kuɗin acaba. Sunansa ya shiga katin Gladys, maganinsa na asibiti ya zo da sauƙi. Ita kuwa ta sha rana a gonar ubanta har tafin hannunta ya yi kanta, mijinta na gefe an hana shi taɓa fartanya. A nan ta gane cewa taimakon da aka ɗora a kan ƙarya, wanda ake so a taimaka shi yake fara cutarwa, kuma ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane, ba abin kunya ba.

Wata ranar Laraba suna hawa dutsen bayan gari, suka ji ƙarar sanda a bayansu. Baba Dominic ne, yana haki, ya sa rigarsa ta zuwa coci.

"Likitan ga naka," ya ce wa Ishaya ba tare da ya kalle shi ba, "yana ganin tsofaffi?"

"Yana gani, Baba."

"To ka kunna min. Na sayar da buhu ɗaya, da sanin uwarku." Ya zauna a kan dutsen ya karɓi wayar da hannu biyu. "Ku matsa can. Maganar tana da tsawo."