Shuni a Jikin Ƙwan Amfilifaya

Da Khamma ya taɓa tsirkiyar jitarsa bayan azahar, sai amfilifayar, akwatin ƙara sauti, ta kurma ihu kamar an taka jelar kare, har matan da ke girki a bayan rumfar biki suka toshe kunne. Tsohon ya kashe ta, ya juyo bayanta, ya leƙa 'yan ƙwayayen gilashin nan uku da ke jere a ciki.

"An sace mini na farko," in ji shi.

Duk wanda ya tashi a Tamanrasset ya san muryar jitar Khamma, ya kuma san daga ƙwan farkon nan take fita, tsohon ƙwai da aka daina yin irinsa tun kafin a haifi yawancinmu. Wanda aka dasa a gurbinsa ɗan kasuwa ne, ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya yi kuwwa.

Gissa, ɗan ƙanwar Khamma mai yi masa jita ta biyu, shi ya fara cewa ai jiya amfilifayar ta yini a shagon Rabah mai gyara. Shi ke nan! Samarin unguwar Tahaggart ba sa jiran a gama magana. Kafin 'yan sanda su isa, sun karya wa dattijo Rabah hannun dama, sun jera jarkokin fetur a ƙofar shagonsa, sun rantse in rana ta faɗi ƙwai bai dawo ba, toka za a kwasa. Matarsa da 'ya'yansa kuwa a ɗakin bayan shagon suke zaune, sun ƙi fitowa.

Sufeto Mabruk ya tarar da Rabah a kan bencin ofis, an ɗaure masa hannu da tsumma.

"Baba, me ka yi wa akwatin jiya?"

"Na busa masa ƙura, na canja na uku. Ya gaji."

"Na farkon fa?"

"Na ƙwanƙwasa shi da fensir, bai yi kuwwa ba, lafiyarsa lau. Yallaɓai, tun muna da baƙin gashi nake kula da ƙwan nan. In sata zan yi, sai yau da na tsufa?"

"Da zafinsa kake cire ƙwai?"

"Haba! Sai ya huce, in lallaɓo shi sama da yatsa biyu. Mahaukaci ne ke cire shi da zafi."

Daga nan Sufeto ya wuce gidan biki. Ba a kiɗa, ba a guɗa. Maza sun yi cirko-cirko cikin rawunansu, idanu kawai kake gani, kuma ba ido ɗaya da ke masa maraba. Ya sa aka kira Amumen, direban da ya ɗauko kayan kiɗa.

"Kai ka sauke akwatin?"

"Ni ne. Amma wallahi ko rediyon motata dukansa nake yi kafin ya yi magana. Ina ni ina ƙwai?"

"Ka ji an kunna shi da safe?"

Amumen ya sosa ƙeya. "Da hantsi ina ɗaure igiyar rumfa na ji kiɗa, mai daɗi, har na ɗauka tsohon ne ya iso da wuri. Da na zagayo ban ga kowa ba."

Sufeto ya dubi rawanin direban, fari ne da man mota ya gama da shi. Ya sallame shi. Ya durƙusa bayan amfilifayar da tocila. A jikin ƙwai na biyu, ta gefen da ke kallon gurbin na farko, akwai wani ɗan dabbare mai ƙyalli. Ya goga da yatsa, bai fita ba. Ya kankare da farce, farcen ya fito shuɗi.

Ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta riga ta karkata, inuwar rumfa ta kai bango. Ya san samarin nan ba sa cika baki a banza.

Gissa na zaune kusa da kawunsa yana fifita gawayin shayi. Sufeto ya zauna ba tare da an ce masa bismilla ba.

"Yaushe ka fara kunna ta?"

"Ban kunna ba sai da Kawu ya zo."

"To wa ya yi kiɗa da hantsi?"

"Wa ya ce an yi? Amumen? Wannan ko kukan jaki ya ji, cewa zai yi waƙa ce."

"Ban ambaci Amumen ba." Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. "Samari, yau ranar biki, ango da rawanin turkuɗi, kawunka da turkuɗi, kai makaɗi guda ka zo da farin rawani kamar mai zuwa kasuwar awaki?"

"Zafi ake yi."

"Amma ga shuni nan a karan hancinka, ɗanye. Da safe turkuɗi ka naɗa. Ina yake?"

Gissa ya kai hannu zai sauke butar shayi. Kamar kowane ɗan garin nan, sai da ya fara kama bakin rawaninsa ya riƙe marfin da shi. Nan ya ga idon Sufeto a kan hannunsa, ya sandare.

"Haka ka yi da safe," in ji Sufeto. "Ka kunna ka ji muryar, ka kashe. Ba ka da lokacin jira ya huce, sai ka kama shi da bakin rawani yadda kake kama buta. Turkuɗin ya gogi na biyu, zafi ya gasa shunin a jikinsa. Rabah ko hula ba ya sawa. Amumen bai san na farko da na ƙarshe ba. Wanda ya ɗauka ya san wanne zai ɗauka, ya kuma zo da na musanya a aljihu. Buɗe jakar jitarka."

Khamma ne ya buɗe da kansa. Turkuɗin na ciki a dunƙule, da ƙulli a bakinsa.

"Kawu, har yaushe zan yi ta bin bayanka?" in ji Gissa. "An kira ni wasa a garin Janet. So nake su ji ni yadda suke jin ka."

"Shi ya sa ka nuna musu ƙofar Rabah?"

Sufeto ya ciro ankwa.

Rana na gab da faɗuwa motar Sufeto ta tsaya a ƙofar shagon. Samarin suka ga Gissa da ankwa, suka ga Khamma ya fito yana tallafe da Rabah. Ba wanda ya ce a kwashe jarkoki, ɗaya bayan ɗaya suka sulale da su. Kunya dai ta zo, amma ta makara.

Khamma ya kwance ƙullin ya miƙa ƙwan. Rabah ya karɓa da hagu, ya ɗaga shi sama. Kan ƙwan da ya saba ƙyalli kamar madubi ya koma fari fat. A gindinsa akwai tsaga siririya kamar gashi.

"Iska ta shiga," in ji shi. "Ya mutu."

"Ba yadda za a yi, Rabah?"

"Babu. Na kasuwa zan zaɓar maka, mai dama-dama, in hannun ya yarda ya koma aiki." Ya juya wajen motar, ya daɗe yana kallon Gissa ta gilashi. "Kai kuma, ɗana, da ni ka tambaya, da na ce maka ka bari ya huce."